Lamba ta 199

An yi wani saurayi ɗan Maradi da ya koyi haɗa kwamfuta a Abidjan. Hannunsa na da kyau, bakinsa kuma ya fi hannun sauri. Wata rana wani Alhaji mai ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa a Treichville ya kira shi, ya ce yana son kwamfutar tebur sabuwa fil, ba kwancen Turai da mutanen gari ke kira France au revoir ba. Saurayi ya karɓi kuɗi, ya nufi Adjamé, ya shiga Black Market, inda ake samun komai na waya da kwamfuta. Ya sayi akwati da babban allo a wani shago, diski kuwa ya saya wajen wani dattijo ɗan Tawa mai yaron shago guda ɗaya. Kafin magariba ya haɗa, ya ɗora Windows, ya rufe murfi da ƙarfi, ya kai wa Alhaji.

Kwana uku aka yi lafiya. Ran na huɗu kwamfuta ta sandare ana tsakar rubuta takardun kwastan, allo ya yi shuɗi. Da aka sake kunna ta sai ta ce ba ta ga diski ba. Alhaji ya ce, yaro, wannan ce sabuwar? Saurayi bai tsaya bincike ba. Ya kwance diskin, ya haye gadar Houphouët-Boigny a bas ɗin SOTRA, ya isa shagon dattijo yana faɗa tun daga bakin layi, wai an sayar masa da mushe. Mutane suka taru. Dattijo ya ji kunya, ya ba shi wani sabo, sannan ya juya kan yaronsa ya ce shi ya yar da na farkon, kuma daga ladansa za a cire. Yaro ya rantse bai yar ba, ba wanda ya saurare shi.

Na biyun ma bai cika mako ba ya fara irin halin na farko.

Wannan karon saurayi ya ɗauki kwamfutar gaba ɗaya ya kai wa tsohon maigidansa, wanda ya koya masa aiki, a wani ɗan shago a Treichville. Maigida bai taɓa sukurdireba ba. Ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ya ce kowane diski yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, abin da ake kira SMART, sai dai ba kowa ke karantawa ba. Ya nuna lamba ta 5, mai ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, babu ko ɗaya. Ya nuna ta 197, mai ƙirga waɗanda ake shakkarsu, ita ma babu. Ya gangara zuwa ta 199, mai ƙirga saƙon da ya gurɓace a hanya tsakanin diski da babban allo, sai ga ta ta taru da yawa. Ya ce rumbu, wato diskin, lafiyarsa lau, hanyar zuwa rumbun ce ta lalace. Da aka buɗe murfi sai ga wayar SATA a lanƙwashe, murfin ya danne ta har bakinta ya yi sako-sako. Aka sa wata ta 'yan daloli, aka kwafi manyan fayiloli har la'asar, lambar ba ta ƙaru ba. Maigida ya ce ba za ta koma sifili ba, amma muddin ta tsaya a inda take, an gama.

Alhaji ya yi murna, ya ƙara wa saurayi kuɗin garba. Aiki ya yi kyau, kuma duk Adjamé ba wanda ya san me aka gani a cikin akwatin. Saurayi ya zauna gaban mai garba, aka zuba masa attiéké da kifi, ya kasa ci. Idan ya yi shiru, sunansa na nan da kyau. Idan ya koma, layin da ya cika da ihu shi ne zai ji labarin. Ya tambayi maigida ko dole ne. Maigida ya ce shi waya ya canza, sauran ba aikinsa ba ne.

Washegari bayan azahar a babban masallacin Adjamé, ya ƙarasa shagon. Ya gaida dattijo, ya ce, Baba, a ɗauko diskin nan na farko. Aka zaro shi daga kwalin tarkace, aka jona da waya mai kyau, ya tashi garau. Saurayi ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga ta ranar farko, ya ce laifinsa ne, yaro bai yar da komai ba.

Dattijo ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya buɗe aljihun tebur, ya ƙirga jikkunan da ya cire, ya damƙa wa yaron a gaban jama'a, ya roƙe shi ya yafe masa. Sannan ya tura wa saurayi kujera, ya ce, ɗana, zauna ka nuna mana yadda ake karanta lambobin nan, akwai wasu diski huɗu a kwalin.