Buhun ƙanena da tekun Damargu

Ƴan'uwana ɗalibai, hutun bara da na koma ƙauyenmu, can tsakanin Tanut da Belbeji, na tarar ƙanena ya tara duwatsu rabin buhu ya ɓoye bayan rumbu. Duk wanda ya yi kiwo a tuddan Damargu ya san irinsu: masu naɗi kamar gammo, jikinsu da gaɓa-gaɓa kamar ƙahon rago. Muna yara da su muke jifar tsuntsaye in hatsi ya fara ido. Wani mutum da ke zuwa kasuwar Tanut ne ya ce masa zai saya, dala ɗari duk wanda bai fashe ba.

Na ce, "Kai, kar ka sayar."

Ya ce, "Yaya, don me? Dutse ne fa, ba na kowa ba ne. Kuma ga takalmina ya tsinke."

Wallahi na rasa amsa. Shekara uku ina jami'a ina karatun kimiyyar harshe, yaro ɗan shekara goma sha uku ya kulle mini baki. Wannan rubutu bashin amsar nan ne nake ƙoƙarin biya: dutsen da ke yashe a daji, yana da wani haƙƙi a kanmu?

Mu fara da sanin ko mene ne. Dutsen nan ɓawon wata dabbar teku ce da ake kira amonit, dangin dorinar ruwa. Ta mutu, laka ta binne ta, a hankali ma'adinai suka cika gurbinta har ta zama dutse. Wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, teku marar zurfi ya taso daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yau, ya haɗu da Atlantika ta kwarin Binuwai. Inda muke shuka hatsi muna zuba wa sama ido, ƙasan teku ne a lokacin. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce ragowar ruwan Ɗufana ne. Lissafin shekarun masana ya yi nesa da nata, amma ba ta yi lakwal ba ta dubi dutse ta gane ruwa ya taɓa kwanciya a nan. Haka al-Biruni, wajen shekara ta 1030, ya dubi duwatsun filayen Indiya ya ce wurin teku ne da koguna suka cike da ƙasa.

Wani zai ce, miliyan 94, wa ya ƙirga? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta hawa biyu ce. Na farko duk wanda ya tsaya bakin rijiya ana gininta ya gan shi: rairayi ya fito, sai jar ƙasa, sai yumɓu, sai farin dutse. Shimfiɗar da ke ƙasa ta riga ta sama kwanciya. Wani masani ɗan Denmark, Nicolas Steno, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1669. Da ita ake sanin wa ya girmi wa, amma ba ta faɗin shekaru.

Shekarun sai hawa na biyu. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗewa a hankali ya koma dalma, kuma saurinsa ba ya canzawa, ko da zafi ko da sanyi. Nau'in da ake kira 238, rabinsa ke komawa dalma cikin shekara wajen miliyan 4,470. In dutse mai aman wuta ya watsa toka, cikinta akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi da ake kira zirkon, masu kulle yuraniyom a cikinsu tun ranar da suka daskare. A auna yuraniyom nawa ya rage, dalma nawa ta taru, sai shekaru su fito. A Kolorado ta Amurka an sami irin wannan toka tsakanin shimfiɗun da ke ɗauke da amonit dangin namu, sai shekarun can suka haska na nan. Da ma'aunin dalma ɗin ne Clair Patterson ya auna duwatsun da suka faɗo daga sama, a 1956 ya fitar da shekarun duniya: wajen miliyan 4,550.

Lambar ta fi ƙarfin kai, to mu shimfiɗa ta bisa hanya. Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne. A ce tsawon hanyar shi ne shekarun duniya. Tekun Damargu bai zo ba sai saura kilomita uku a shiga gari. Ɗan Adam irinmu, mai shekara wajen dubu 300, bai bayyana ba sai saura mita goma mota ta tsaya.

Yanzu ga inda karatuna ya shigo. A ajinmu na farko aka koya mana cewa kalma ba ta da cikakkiyar ma'ana sai cikin jimla. Rubuta "gari" ita kaɗai bisa allo. Garin da ake zama ne, ko garin tuwo? Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka maƙwabtanta ne za su faɗa maka. Amonit haka take. Jimlarta ita ce shimfiɗar da ta kwanta ciki, da abin da ke samanta, da na ƙasanta, da sauran ɓawon da ke gefenta. Daga nan ake karanta zamaninta, da zurfin ruwan, da lokacin da teku ya janye. Ranar da aka ɗauke ta aka jefa buhu ba a rubuta inda ta fito ba, kyanta yana nan, amma yawancin labarinta ya tafi, kuma ba mai iya mayar da shi. Itace in ka sare wani zai tsiro. Wannan sau ɗaya aka rubuta shi.

Don haka da ƙanena ya ce "ba na kowa ba ne", rabin gaskiya ya faɗa. Rijiyar hanya ma ba ta mutum ɗaya ba ce, shi ya sa ba wanda ke da ikon cike ta. Haƙƙin da nake magana a kai na mutanen da ba su riga sun karanta dutsen ba ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Amana ce.

Amma kar mu yi saurin jin mun fi yaron. Hujjarsa tana da nauyi, kuma na fi wata ina juya ta. Damargu ƙasar hatsi ce, amma kowa ya san shekarun da damina ke yankewa, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ni da ke cin abincin jami'a, da wane baki zan ce wa mai tsinkakken takalmi ya bar dala ɗari don kimiyya? Kuma kimiyyar wa? René Chudeau, Bafaranshe, ya rubuta bayanin amonit na Damargu a 1909. A 1943 Daniel Schneegans ya raɗa wa wani jinsi daga cikinsu suna Nigericeras: sunan Nijar haɗe da kalmar Girkanci mai nufin ƙaho, wato ƙahon Nijar. Shekara fiye da tamanin sunan ƙasarmu yana yawo cikin littattafan duniya bisa dutsen tuddanmu, ni kuwa ban ji shi ba sai a jami'a, kuma ba da Hausa ba. Arewa da mu, a Gadufawa, Philippe Taquet ya haƙo dabbar da ya kira Ouranosaurus nigeriensis a 1976, Paul Sereno ya raɗa wa Nigersaurus suna a 1999. Ana iya ganin kasusuwan irin waɗannan manyan dabbobi a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Yara nawa ne daga Belbeji suka taɓa taka ƙofar?

To ka ga, wanda ba a taɓa gaya masa abin da ke hannunsa ba, ba a ce ya ci amana. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka a takarda ba ta isa bayan rumbu. Nauyin yana kan wanda ya sani: mai sayen da ya san abin da yake kwasa ya biya dala ɗari, da mu da muka sani muka bar sanin cikin Faransanci. Mu ƴan kimiyyar harshe ma laifinmu ya fi, don har yau ba mu zauna mun daidaita kalmar da malamin firamare zai kira wannan abu da ita ba. Wasu na cewa burbushin halittu. Ni da ƙanena mun fi son "ƙahon teku" ga amonit. A kawo wasu, a yi gardama, a zaɓa.

Abin da ya faru da buhun kuwa, ban hana shi ba, don ba ni da wannan iko. Na saya masa takalmi da guzurin komawata, na roƙe shi abu guda: ya nuna mini inda ya tsinci kowane. Muka fita da safe da littafin rubutu. Cikin duwatsu sama da arba'in, bakwai kaɗai ya tuna wurinsu. Muka rubuta tudun, da gefen da rana ke fitowa, da kalar ƙasar, muka ɗauki hoto da waya. Muna dawowa ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, sauran fa, shi ke nan sun zama bebaye?" Na ce kusan haka.

Bakwai ɗin suna cikin kwali a ajinsu, kowane da takardarsa. Sauran ya sayar ranar kasuwa, ban ce masa komai ba. Roƙona gare ku, ƴan Tanut da Tarka da sauran Damargu, in kun je hutu ku tafi da littafi. Wanda kuka gani a mazauninsa ku bar shi, ku rubuta wurin. Ƙannenku kuma ku gaya masu, da Hausa, cewa bisa ƙasan teku suke kiwo.