Nasiha Ga Jama'ar Jabo Game Da Ƙwayar Ƙarin Ƙarfi

Ya ku jama'ar Jabo, da 'yan'uwanmu na Tambuwal da Kebbe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gona lokacin noma, ya ga yaro ɗan ƙwadago ya sunkuya tun hantsi har la'asar sakaliya, bai nemi inuwa ba, bai waiwayi furar da aka kai masa ba, idanunsa jajur, haƙoransa na cizon juna, to, ya riga ya ga musibar da nake nufi, ko da a ranar himma ya kira ta.

Wannan ƙwaya, wadda iyayenmu suka sani da suna a-ji-garau, likitoci kuwa suke ce mata amfetamin, tare da ƙanwarta mai kama da ƙanƙara da ake kira ais, wadda aka fara gano wurin dafa ta a Legas cikin 2011, ba ta ƙara wa ɗan Adam ƙarfi mai ɗorewa. Abin da take yi shi ne ta toshe masa jin gajiya da yunwa da barci, alhali waɗannan uku rahama ce da Ubangiji Ya sanya su zama masu gargaɗi ga jiki. Daga nan zuciya ta dinga bugu ba ƙaƙƙautawa, jini ya hau, har a ga saurayin da bai kai talatin ba ɓarin jikinsa ya shanye, wani kuma ya kwana uku ido biyu, ya fara jin muryoyin da babu mai su, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a tuwo. Tiramol ma, ko da yake asalinsa maganin ciwo ne, wanda ya zarce ƙima yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta wajabta tsarewa, don haka laifin bai tsaya kan yaron kaɗai ba. Mai gonar da ke son aikin kwana biyu a yini ɗaya, ya kuwa san abin da ake haɗiya kafin a yi shi, yana da kamasho cikin alhakin, haka mai shagon da ke miƙa ƙwayar ba takardar likita.

Wanda Allah Ya jarrabi ɗansa, kada kunya ta sa ya kulle shi ɗaki, ko ya sa masa mari. A kai shi asibiti. Akwai na masu taɓin hankali a Kware. Limamanmu kuma, don Allah, ku ambaci ƙwayar nan da sunanta a huɗubar Juma'a.