Kama da Wane Ba Ta Wane

Mu Katsinawa idan muka tashi lissafin mazajenmu, sai mu tarar suna ɗaya ne yake ta dawowa. Korau, wanda tarihin baka ya ce ɗan kokawa ne kafin ya kayar da Sanau ya hau gadon sarauta, Muhammadu ne. Wali Ɗan Marina Muhammadu ne, haka Ɗan Masani da ya rasu a 1667. Sarki Dikko, wanda ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944, shi ma Muhammadu ne. Sai kuma Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda kalangu ya kai sunansa duniya har ya kwanta dama a 1999. Shi ma takwaransu ne, domin Mamman sakayawa ce ta Muhammadu.

To a nan gardama take. Mun sha jin masu cewa bai kamata a jera maroƙi da waliyyai ba, wai sunan ya fi ƙarfin mai tsayawa gaban taro ana yi masa liƙi. Hujjarsu ita ce suna linzami ne, wanda aka raɗa wa sunan Fiyayyen Halitta sai ya bi hanyar allo da tawada. Ba mu raina wannan magana ba, domin kowane uba da ya yanka rago ran suna fata yake yi, kuma fatan nan bashi ne a wuyan ɗa.

Amma mu duba da kyau. Da sana'a ce ma'auni, da Korau ma bai tsira ba, tunda daga fagen kokawa ya fito. Laƙabin Ɗan Marina kuwa kullum yana tuna mana da karofi. Shata ya yi wa manoma da direbobi da sarakuna waƙa da Hausar da har yau ɗalibai ke nazari, abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Gaskiya ne harshen mawaƙi kaifi biyu gare shi, yana yabo yana zambo, kuma duk inda ya yanki wani ba da haƙƙi ba, sunan ba zai wanke shi ba. Haka ma ba zai wanke malami ko basarake ba.

Ashe suna ba ya ɗaga mutum sai in ya biya bashinsa da gaskiya da riƙon amana a cikin abin da Allah ya hore masa. Mu marubuta abin ya fi shafa, domin mu ma da harshe muke ci, kuma da yawanmu takwarorin waɗannan mazaje ne. Kafin mu auna Shata, mu fara auna alƙalaminmu. Allah ya sa mu dace.