IN ABIN DA MUKA GINA YA RUSHE

Karatu: 1 Sarakuna, sura 18 da 19

Akwai tambaya guda wadda ya kamata kowane mai ƙwazo ya yi wa ransa: in aka ɗauke aikin hannuna, me ya rage mini? Gama da yawa cikinmu ba mu san hutawa ba. In mun sami ɗari, sai mu nemi dubu. In an yabe mu yau, mu kwana da tsoro kada gobe yabon ya koma kan wani. Muna ce da wannan himma, amma sau da yawa bauta ce.

Bari mu ɗauki misali daga unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa domin baƙi Hausawa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya tarar da mutum wajen 4,000. A zamanin nan ƙarfin unguwar yana kan fataucin shanu da goro, ragamar fataucin kuwa tana hannun masu gida. Falke ya zo daga Arewa da shanunsa, mai gida ya sauke shi, ya ciyar da shi, dillalansa su nemo masu saye. Shanu ba su iya daɗewa a kurmi saboda tsando, don haka tilas a sayar wa mahauta da sauri, galibi bashi, mai gida kuwa shi ne lamuni. In mahauci ya kasa biya, nauyin yana wuyan mai gida.

To, ku duba. Mai gidan da ke son ya fi kowa baƙi, kowane baƙo da ya ƙaru, bashin da ya tsaya wa ya ƙaru ke nan. Girmansa da hatsarinsa tare suke hauhawa. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Har a zamaninmu an ga haka a Ibadan: a watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha, rumfuna suka ƙone, wahalar shekaru ta zama toka.

Annabi Iliya ya san irin wannan faɗuwa. A bisa Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama, aka yi ruwa bayan dogon fari. Babu nasarar da ta fi wannan. Amma saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Me ya karya masa zuciya? Ga alama ya zaci aikin yini ɗaya zai juyo da al'umma duka, ya kuma ɗauka shi kaɗai ya rage wa Ubangiji. Wanda ya ɗora dukan kaya a kansa, ranar da kayan suka faɗi, tare da shi za su faɗi.

Mu lura da yadda Allah ya bi da bawansa. Da fari ya ba shi abinci da barci, har sau biyu, tun bai nemi kome a wurinsa ba. Na biyu, a Horeb ya bar iska da girgizar ƙasa da wuta suka wuce, sa'an nan ya yi masa magana a hankali. Na uku, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya keɓe Elisha magajinsa. Ashe aikin na Allah ne tun farko, Iliya bawa ɗaya ne cikin bayi masu yawa.

Kada wani ya ce muna koyar da ƙyuya. Ragwanci zunubi ne, aiki kuwa baiwa ce. Abin da muke cewa shi ne, darajarmu ba ta hawa da sauka tare da riba. A Sabo, abin da ke sa falke ya bar garkensa a hannun wani mutum shi ne amana, wuta kuwa ba ta cin amana. Haka yake ga mai bi. Kristi ya karɓe mu tun ba mu aikata kome ba, hasara kuwa ba za ta ƙwace abin da aka ba mu kyauta ba. Wanda ya gane wannan zai koma bakin aiki da kwanciyar rai, ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa, ya bar sauran ga 'yan'uwa.

TAMBAYOYI

1. Ta yaya za mu bambanta himma da kwaɗayin fin kowa?
2. Don me Allah ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa magana?
3. Wane ne cikin ikilisiyarmu ya yi hasara bana, me kuwa za mu kai masa a makon nan?