Baƙo Ko Ɗan Kallo?

Kai mai karatu, ga wata tambaya da za ka juya cikin zuciyarka. In wani mai dukiya ya biya kuɗi masu yawa, ya taso daga nesa don ya ga yadda matarka take daka, da yadda ɗanka yake jan koma a bakin gulbi, girmama ka ya yi ko raina ka ya yi? Kada ka yi gaggawar amsawa. Bari mu duba wani jirgin ruwa tukuna.

A ƙasar Sanagal akwai wani jirgi da ake ce ma Bou el Mogdad, sunan wani tahinta ne na zamanin Turawa. A Holanda aka ƙera shi cikin shekara ta 1950, tsawonsa ya hi mita 50. Da hwarko jirgin aiki ne. Yana ɗaukar wasiƙu da kaya da matahiya daga birnin Sanluwi zuwa garuruwan bakin kogin Sanagal. Mutanen ƙauyuka suna jiransa kamar yadda kake jiran motar kasuwa. Da hanyoyin mota suka samu, sai aikinsa ya mutu, aka maida shi jirgin ƴan yawon buɗe ido. Ya bar kogin shekaru da dama, ya komo cikin 2005.

Tun daga nan tahiyarsa tsakanin Sanluwi da Podor ce, kilomita hiye da 200, cikin kwanaki kamar shida. Akwai ɗakunan kwana da kuku da masu hidima. Ana tsayawa a dajin tsuntsaye na Juj, da Rishar-Tol inda ake noman rake, da Dagana, da Podor inda Turawan Faransa suka gina ganuwar soja cikin 1854, inda kuma a da ake cinikin ƙaro. Ana sauka a ƙauyukan Hilani da Tukulor da Wolof. A ƙetaren ruwa kuwa ƙasar Muritaniya ce.

To, mutane sun rabu biyu a kan irin wannan tahiya, ko a wane kogi ake yin ta.

Waɗansu sun ce alheri ne. Matuƙa da kuku da masu jagora sun samu aiki. Maƙeri da masaƙa da masu tabarma sun samu kasuwa har ƙohwar gida. Tsohon gini da aka bari yana zuba, in baƙi suna zuwa ganinsa, sai a gyara shi. Yaron da yake jin kunyar waƙar kakarsa, in ya ga an taso daga Turai don a saurare ta, sai ya gane tana da daraja. Wannan magana gaskiya ce, ba a musunta ta.

Waɗansu kuma sun ce a'a. Mai kallo daga saman jirgi abin da ya yi masa kyau kaɗai yake gani. Ga misali. Cikin 1986 aka gama madatsar ruwa ta Diyama, don a hana ruwan gishiri na teku hawowa cikin kogi. Noman rani ya samu. Amma dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya shi ma ya samu wurin yaɗuwa, har daga 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a Rishar-Tol. Baƙon da ya ɗauki hoton yara suna wanka da maraice, ruwa yana ƙyalli, ya ga kyau. Uwar yaran kuwa ta san abin da ke cikin ruwan. Shi ba ya shan wannan ruwa, ba ya wanka cikinsa. Gobe ya wuce, ita tana nan.

Wa ke da gaskiya? Ga ma'auni guda. Ka tuna da kokowa. Tun da aka soma gasar ƙasa a Tawa cikin 1975, dubban mutane suke taruwa suna kallon ƴan kokowa, ba wanda ya ce an ci mutuncinsu. Don me? Don ɗan kokowa da ƙahwarsa ya shiga hili. Ya san ana kallonsa, ya shirya, kuma yana da rabonsa. Makaɗi ma haka, ana ba shi kuɗi a bainar jama'a, sana'arsa ce. Amma matar da take wanki a bakin gulbi ba ta shiga hilin kowa ba. Tsoho mai alwala bai kira ƴan kallo ba. Ashe kallo kansa ba laihi ba ne. Laihin shi ne a kalli mutum ba da yardarsa ba, kamar yadda ake kallon dorina.

A nan ne baƙo da ɗan kallo suka bambanta. Baƙo yana sallama, ya jira a amsa masa. Yana hwaɗin sunansa da garinsu. Yana tambaya, shi ma ana tambayarsa. In an ce masa kada ya shiga nan, sai ya tsaya. Ɗan kallo kuwa yana ganin kuɗin da ya biya a jirgi sun saya masa ƙauyen duka. Amma ƙauyen ba shi cikin cinikin, ba wanda ya tambaye shi.

Sai dai kada ka ɗora kayan duka bisa kan baƙo. Masu gida ma suna da nasu alhaki. In yaro ya gane gudu bayan Bature yana kiran "kado" ya hi zaman lekol saurin kawo dala, zai bar lekol, kuma iyayen da suka karɓi kuɗin su suka koya masa bara. In mutum ya ɓoye radiyonsa da wayarsa, ya sa tsumma don hoton ya hi ban tausayi, ya sayar da abin da ba ya sayuwa. Masu iya magana sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Kada ka ce wannan zancen Sanagal ne kawai. A shekarun baya ƴan yawon buɗe ido sun yi ta zuwa kasuwar Lahadi ta Ayoru, suna shiga kwalekwale don ganin dorina a kogin Isa. Rashin kwanciyar hankali ya tsaida su. In lahiya ta samu za su komo, kuma tambayar za ta komo tare da su.

Saboda haka ku shirya amsa tun yanzu. Ku zauna da maigari da dattawa da mata, ku yanke inda baƙo zai shiga da inda ba zai shiga ba. Wanda ba ya son hoto, a bar shi. Mai sana'a ya yanka kuɗin kayansa da bakinsa. Kyauta kuwa ta shiga asusun gari, ta zama rijiya ko magani ko allon lekol, kada ta hwaɗa hannun yara a bakin ruwa. Wanda ya yi sallama, ku shimhiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, ku tambaye shi labarin garinsu. Baƙo raɓa ne, da hantsi zai tashi. Ku ne za ku kwana cikin garin, kuna duban idon juna.