Shin Tafiya Bakin Teku Don Hutawa Ta Halatta?

 

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya tsaida ni bayan sallar La'asar da wata tambaya. Ya ce shekara da shekaru yana zuwa Kwatano ɗauko kaya, amma bai taɓa ganin teku ba sai ta bayan katangar tashar jiragen ruwa. Yanzu yana son ya ɗauki maiɗakinsa da ƴaƴansa su je Garan-Popo, wani garin bakin teku mai itatuwan kwakwa a yammacin Kwatano, kusa da iyakar Togo, su kwana uku su huta. Da ya yi shawara, sai aka ce masa haramun ne, wai wurin tsiraici ne da giya. Ya ce: "Malam, in fasa ko in tafi?"

Ya ƴan'uwa, teku halittar Allah ce, ba ta da zunubi. Alƙur'ani ya umurce mu da tafiya cikin ƙasa da lura a surori da dama, kuma Suratul Furƙan ta ambaci ruwa biyu, na daɗi da na gishiri, da shamakin da ke tsakaninsu. Gabas da Garan-Popo akwai inda kogin Mono yake faɗawa cikin teku. Yaron da ya tashi Maraɗi, wanda bai san ruwa ba sai gulbi da damina, in ya tsaya wurin nan zai fahimci ayar fiye da yadda zan iya fassara masa ita a zaure.

Sai dai malamanmu ba su bar maganar sake ba. A cikin Muhtasar, Shaihu Halil ya sanya ƙasaru sunna ce ga matafiyin da tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wargi ba. Masu sharhi suka bambanta mutum biyu: wanda ya fita domin saɓo, da wanda ya fita domin halal sannan saɓo ya same shi a hanya. Na farko an hana shi rangwamen ƙasaru tun daga ƙofar gidansa, na biyu ba a hana shi ba. Mai tafiyar wargi kuwa, irin mai farauta don nishaɗi kawai, an karhanta masa. To, hutun iyali wargi ne? A ganina ba wargi ba ne. Matar da ta shekara tana girki da reno, da yaran da ba su taɓa wuce Kwanni ba, faranta musu rai yana cikin kyakkyawan zama da aka umurci miji da shi.

Akwai abin da ke ba ni mamaki. Mutumin nan ya je Kwatano shi kaɗai sau da yawa, ya kwana inda ba wanda ya san shi, ba a taɓa ce masa uffan ba. Sai ranar da ya ce zai tafi da iyalinsa aka tuna da fitina. Alhali ni na fi jiye wa namiji tsoro yana shi kaɗai da kuɗi cikin aljihu, da yana zaune ƴarsa na riƙe da hannunsa.

Amma waɗanda suka tsoratar da shi ba ƙarya suka yi ba. Akwai otal-otal da ake shan giya a fili, akwai baƙi da ke kwanciya kan rairayi da abin da ba za a kira shi sutura ba. Wanda ya san haka tun yana gida, ya kuma zaɓi ya sauka a tsakiyarsu, kada ya ce kallon farko ne aka yafe masa. Kallon farko na wanda abu ya zo wa ba zato ne. Gaɓar tana da tsawo, mafi yawanta ta masunta ce da kwale-kwalensu. Ya bincika masauki kafin ya tashi. In bai samu wanda ya dace ba, ya sauka unguwar Zango a Kwatano, inda masallaci da ƴan'uwa suke, ya je teku da safe ya dawo.

Na tambaye shi kuma ko akwai bashi a kansa, ko ya fid da zakkar bana, ko mahaifiyarsa ta yarda. Tafiyar ta fi kilomita 1000, ta Dosso da Gaya da Paraku, kuma kuɗi ne masu yawa. Wanda ya tafi shan iska da kuɗin mai binsa, zalunci ya yi ko da idonsa na rufe har ya dawo. Hanya ma ya tambaya da kyau, domin a 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma tsallaka kogin Isa da kwale-kwale, kuma ba a jefa ƙananan yara cikin kasada don hutu.

Game da salla, Risala ta ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, wato wajen kilomita 80. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa; shi da zai yi uku zai ci gaba da ƙasaru. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, alwala ta inganta da shi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Alƙibla kuwa, ya sa teku a damansa ya ɗan karkata hagu. Kada ya bar yaro ya shiga ruwan: igiyar gaɓar nan tana jan mutum ciki, ta ci waɗanda suka iya iyo balle mu.

Sannan na roƙe shi abu ɗaya. Tsakanin Kwatano da Garan-Popo akwai garin Wida. A bakin ruwansa an gina wata ƙofa a 1995 don tunawa da bayin da aka loda cikin jirage daga nan, ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Cikin waɗanda aka kwashe ta gaɓar nan akwai Hausawa Musulmi, har suka yi yawan da a 1807 suka shirya tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil. Ba Turawa ne suka zo har ƙasarmu suka kama su ba. Yaƙe-yaƙenmu da fataucinmu suka miƙa su kudu hannu zuwa hannu. Na ce ya tsaida yaransa wurin, ya gaya musu wannan ba tare da ya rage komai ba, su yi wa mutanen addu'a.

Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani dillali da ke binsa jaka ɗari biyu tun kafin azumi. Na ce ya fara da shi. Tafiyar sun ɗaga ta sai hutun ƴan makaranta mai zuwa.