Kunya a Gaban Juri

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, ƙannenmu da ke fitowa daga lise sukan dame mu da tambaya guda: "Yaya, in na shiga gaban juri, mi zan yi don kar in ruɗe?" Galibin sassan jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, da dosiye ake neman shigarsu. Amma mai son makarantar da ake shiga da kwankur, ko mai neman tallafin karatu a waje, sau da yawa sai ya zauna gaban mutum uku ko huɗu, suna tambaya yana amsawa, cikin ƴan mintocin da ka iya juya rayuwarsa. Ni dai ina ganin kafin a koya wa yaro dabarar numfashi, akwai abin da ya kamata a fara warware masa: shin abin da juri ke nema gare shi bai saɓa wa tarbiyyar gidansu ba?

Ku duba yadda aka raine mu. Babba na magana, ka sunkuyar da kai. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka ɗaga murya, kuma ba ka faɗin alherin kanka, don yabon kai jahilci ne. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya, amana, haƙuri da ladabi. Shekara ashirin ana yaba maka saboda wannan hali, rana ɗaya sai a zaunar da kai gaban sa'o'in babanka, a ce ka dube su ido cikin ido, ka gaya musu abin da ya sa ka fi sauran cancanta. Ga ƴa mace kuwa nauyin ninki biyu ne, don ita tun tana ƙarama ake ce mata kunya ce adonta. Yaron da ya daskare a wannan kujera, sau tari ba rashin sani ne ya kama bakinsa ba. Umarni biyu ne suka yi karo a kansa.

Tun da karatun harshe nake, bari in bi ta kalmomi. Abin da muke tarawa mu kira "ruɗewa" abu huɗu ne. Akwai tsoro, na faɗuwa da komawa gida hannu rabbana. Akwai fargaba, wadda ke hana barci tun kwana uku kafin ranar. Akwai kwarjini, wanda Hausa ta ɗora a kan wancan mutumin, shi ya sa muke cewa "ya yi mini kwarjini". Sannan akwai kunya. Ku lura da ginin jimlolin: tsoro ya kama ni, kunya ta rufe ni, gabana ya faɗi. A duka, ni ake yi wa abin. Harshen da kansa ya san ba da gangan mutum ke shiga wannan hali ba, don haka babu dalilin zagin kai a kansa. Jiki ma aikinsa yake yi: sinadarin adiranalin ne ke sa zuciya gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Tun 1908 binciken Yerkes da Dodson ya buɗe hanyar fahimtar cewa ɗan matsi kan taimaka wa aiki, yawansa ne ke ɓata shi.

Mu ƴan Nijar muna da ƙarin kaya. Da Faransanci ake tambayarmu, harshen da yawancinmu muka koya a kan allo da kaye, wanda ba mu taɓa yin faɗa ko wasa da shi ba. Iyayenmu da yayyenmu suna ba da labarin alamar da ake rataya wa yaro a lakwal in ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci. Tsoron kuskure ya bi jini. Ga shi harsunan ba su jitu ba: a Hausa rana mace ce, wata namiji, a Faransanci akasin haka. Sai ka ga ɗalibi ya san amsa sarai, amma rabin hankalinsa yana gadin jinsin kalmomi. William Labov, a bincikensa na birnin New York na 1966, ya nuna yadda mai shakkar harshensa ke wuce gona da iri wajen gyara, har ya faɗa cikin kuskuren da ba ya yi a hira. Haka muke: muna ɗauko manyan kalmomin da ba namu ba, su kuma su kā da mu.

To, mu koma kan tambayar. Faɗin abin da ka iya gaban juri yabon kai ne? Ni na ce a'a. Yabon kai shi ne ka ɗaga kanka inda ba a tambaye ka ba, don ka ƙasƙantar da na kusa da kai. Abin da ake yi gaban juri shaida ce. An kira ka, an tambaye ka kan wani abu da kai kaɗai ka fi kowa saninsa, wato aikinka da niyyarka. Mai shaidar da ya rufe baki don kunya ya cuci mai gaskiya, kuma a nan masu gaskiyar suna da yawa: uwar da ta sayar da akuya don kuɗin littafi, mushen da ya tsaya maka bayan an tashi, da kai kanka da ka yi karatu da fitilar hannu. An yi kunya ne don ta tsare mutuncin mutane. In ta kai ga binne wahalarsu, ta bar aikinta.

Al'adarmu ma ba ta hana faɗin kai kwata-kwata ba, wuri ta ware masa. Ɗan kokowa, a gasar takobi da ake yi tun 1975, yakan shiga fili ya yi kirari da bakinsa, ba wanda ke ce masa marar kunya. Gobe ka gan shi durƙushe gaban mahaifinsa, kai a ƙasa. Mutum ɗaya ne, ya dai san inda yake. Ɗakin juri fili ne, ba zauren gidanku ba. Ka gaishe su da ladabi, sannan ka ɗaga kai.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne shiri kan rikiɗe ya zama ƙarya. Wasu sukan haddace amsoshin da wani ya rubuta musu, su ce tun suna yara suke mafarkin wannan fanni, alhali jiya suka ji sunansa. Wasu su ambaci littafin da bangonsa kawai suka gani. Wannan shaidar zur ce, kuma ita ta fi komai haddasa rawar jiki, don mai hadda yana tsoron tambaya ta biyu. Wanda ya faɗi abin da ya sani kaɗai, ko an juya tambayar sau goma, a gidansa yake. Malamai suna ruwaito cewa Imamu Malik, duk da iliminsa, ba ya jin nauyin cewa bai sani ba. Ɗan bak ma in ya ce "wannan ban kai gare shi ba tukuna, amma ga abin da na fahimta kusa da shi", bai zubar da komai ba.

Shiri na gaskiya ba shi da wuya, naci yake so. Ka karanta dosiyenka kamar na wani, ka tambayi kanka inda za a tsaya a yi tambaya. Ka fara faɗin dalilinka da Hausa, a fili, cikin jimla uku. In ya ƙi fitowa da Hausa, matsalar ba ta Faransanci ba ce, tunanin ne bai nuna ba. A fada, maimakon a ƙare dare kan ƙwallo, abokai uku su zama juri kafin shayi na uku ya sauka, su matsa maka ba sani ba sabo. Ranar kuma ka isa da wuri, ka sha ruwa, ka ja numfashi a hankali kafin ka amsa. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙa a maimaita. Gajeruwar jimla daidai ta fi doguwa mai ɗingishi.

Na san wani zai ce: duk wannan wa'azi ne ga talaka. Ɗan ma'aikacin da ya tashi da Faransanci a tebur ya riga ya yi gaba, balle mai ɗan uwa ko sanayya a ciki. Akwai gaskiya a nan, ba zan share ta ba. Ganawa tana auna sakin baki tare da ilimi, kuma sakin baki gado ne da ba kowa ya samu ba. Don haka juri ma yana da nasa hakki: ya bambance mai shiru don ladabi da mai shiru don wofi, ya ba yaro minti guda ya dawo cikin hayyacinsa. Da yawa cikinmu masu karanta wannan ɗan littafi, nan da shekara goma mu ne za mu zauna a wancan gefen tebur. Ranar da wata yarinya daga ƙauyen Mayahi ko Matamai ta shigo, kai a sunkuye, murya na rawa, mu tuna abin da ke ɗaure mata harshe, mu sake yi mata tambayar a hankali.